Kafson probiotic na ciwon mafitsara da na saya a Terminus

Ƴan uwa mata masu fama da zafin fitsari yana tafiya yana dawowa, ga abin da na gani game da kafson nan na probiotic da na saya a wani kemis a Terminus nan Jos. Ƙwayoyin bakteriya ne masu rai kuma masu amfani a ciki, ana kiransu Lactobacillus, irin waɗanda dama suke zaune a gaban mace suna hana ƙwayar cutar E. coli samun wurin zama, wannan ƙwayar ce ke kawo yawancin ciwon mafitsara.

Gaskiya ni dai na ga sauƙi, raɗaɗin nan da yawan zuwa bayi da dare sun ragu sosai, sai dai a lokacin na ƙara shan ruwa kuma na daina riƙe fitsari. Binciken likitoci ma bai tabbatar yana hana ciwon ga kowa ba, don Allah kar wata ta ajiye antibayotik ɗin da likita ya rubuta mata saboda shi, in akwai zazzaɓi ko ciwon kwiɓi a tafi asibiti a yi gwajin fitsari.

Tsada kam akwai. Kuma wanda na saya firij yake so, ga matsalar wuta. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin ku biya.