Gwajin taurin jijiyar jini a Jidda: aikin ya yi kyau, takardar sakamakon ce da gyara

Hawan jini gadon gidanmu ne, shi ya sa da likita ya ce a gwada taurin jijiyoyin ƙanena mai shekara 24 ban yi musu ba. A wani asibitin kuɗi a nan Jidda aka yi, kuma ga yadda na ga aikin.

Abin da ake aunawa shi ne saurin da bugun zuciya ke bi ta babbar jijiya, daga wuya zuwa cinya. Jijiya mai laushi kamar sabon tiyo take, tana buɗewa ta shanye ƙarfin bugun, sai ya tafi a hankali. Idan ta yi tauri sai bugun ya wuce da gudu. Don haka ƙaramar lamba ita ce mai kyau.

Sun gaya mana tun a waya kada ya ci abinci, kada ya sha gahawa ko taba awa 3 kafin zuwa. Wannan na yaba musu, domin saurayin Jidda in ba a faɗa masa ba, da kofin gahawa a hannu zai shigo. Aka kwantar da shi rigingine minti 10 babu magana. Na'urar SphygmoCor ce: aka ɗaura masa abin matsa jini a cinya, aka ɗora wani abu mai kamar biro a jijiyar wuya, aka auna tazarar da awo. Babu allura, babu ciwo. Mai kai matarsa ko 'yarsa ya nemi ma'aikaciya mace tun wajen karɓar lokaci, saboda sai an taɓa cinya.

Sakamakon ya fito mita 7.9 a sakan ɗaya. A takardar an rubuta cewa duk abin da bai kai 10 ba lafiya ne. Ƙanena ya ce, "Yaya, ka gani, ras nake."

A nan ne nake da ƙorafi. Lambar 10 ɗin nan gaskiya ce, tana cikin ƙa'idojin hawan jini na likitocin Turai na 2013, bayan a 2007 sun sa 12. Amma iyaka ce da ke nuna jijiya ta riga ta lalace, kuma an fi amfani da ita ga masu matsakaitan shekaru masu hawan jini. Ba ma'aunin saurayi ba ce. Babban binciken Turai da aka wallafa a 2010 ya nuna masu lafiya 'yan ƙasa da shekara 30 matsakaicinsu 6.2 ne, yawancinsu tsakanin 4.7 da 7.6. Masu 30 zuwa 39 suna wajen 6.5, sai an haura 60 ake kaiwa 10. Ke nan 7.9 a jikin ɗan shekara 24 ta yi kusa da ta mai shekara 50. Ya kamata takarda ta nuna wannan, ba ta sa yaro ya fita yana murna ba.

Likitan kuwa ya yi bayani yadda ya kamata. Ya ce lambar tana hawa idan jini ya hau a lokacin gwajin, kuma na ƙanena ya ɗan hau a ranar, don haka gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Ya kuma tuna mana cewa a jikin Turawa aka tattara waccan ƙididdiga. Ya hana shi shisha da lemon ƙara kuzari, ya ce ya rage gishiri, ya riƙa auna jini a gida, a sake gwajin bayan wasu watanni.

Inshora ba ta biya mana ba, kuma kuɗin da ɗan nauyi. Saurayin da jininsa ke daidai kuma babu gadon ciwon a gidansu, ban ga dalilin da zai kashe kuɗinsa ba. Mai gado irin namu ya yi, amma kada ya karɓi takarda ya wuce gida. Ya zauna da likita ya tambaye shi inda lambarsa ta faɗo a cikin tsararrakinsa.