Daidaita Launin Majigin Gida: Faifan Gwaji, Na'urar Awo, ko Ƙwararre?

Wanda ya kafa sabon majigi a falonsa yakan kwana biyu yana murnar girman hoto kafin ya lura cewa farar riga tana fitowa da shuɗi-shuɗi, fatar baƙin mutum kuma ta yi fari-fari kamar ta wanda hunturu ya busar. Galibi ba lalacewa ba ce. Kamfanoni kan fito da majigi a saitin da ya fi haske, wanda ke rinjaya wajen shuɗi da kore, alhali masu haɗa fina-finai suna aiki ne da farin da aka yi ittifaƙi a kansa, wato D65, kimanin 6500 a ma'aunin Kelvin da ake auna launin farin haske da shi.

Kafin a kashe ko sisi, a ɗauki rimot a koma saitin da aka rubuta wa Cinema ko Natural, domin sau da yawa wannan kaɗai yakan rage rabin matsalar. Daga nan a duba ko majigin yana ba da damar ƙara ko rage ja da kore da shuɗi a wuri biyu, ɓangaren haske da ɓangaren duhu. Idan babu wannan, kamar yadda yake a yawancin ƙananan majigai masu araha, sayen kayan awo asarar kuɗi ce, tunda za a ga kuskuren amma babu inda za a taɓa a gyara.

Mafi arha shi ne faifan gwaji, wato faifan bidiyo mai hotunan saita majigi, irin na Spears & Munsil. Yana da amfani wajen saita zurfin baƙi da ƙarfin fari, amma ba ya iya daidaita launi yadda ya kamata, kuma laifin na ido ne. Farar takarda fara ce a idon mutum ko a tsakar rana ko a ƙarƙashin fitilar ƙwai, domin ƙwaƙwalwa tana gyara abin da ta gani. Minti goma na kallon hoto mai shuɗi ya isa ya sa mutum ya rantse cewa fari ne.

A ganina, na'urar auna launi ce ta fi dacewa da yawancin masu majigi. Fitattu su ne na Calibrite, waɗanda suka gaji i1Display Pro na X-Rite, da kuma Spyder na Datacolor. Ana haɗa na'urar da kwamfuta mai manhajar HCFR, wadda kyauta ce, ko Calman ta kuɗi. Ana ɗora ta a kan ƙafa uku tana fuskantar allon, ba bakin majigin ba, kuma a kula kada ta auna inuwar kanta. Sai a haska toka-toka mai haske na kashi 80 a gyara ɓangaren sama, a haska mai duhu na kashi 30 a gyara na ƙasa, a yi ta kai-komo domin gyaran ɗaya yana ɗan motsa ɗayan. Ja da shuɗi ake taɓawa, a bar kore, saboda shi ke ɗauke da mafi yawan hasken hoton. Manhajar tana nuna girman kuskure da adadin da ake kira Delta E, kuma idan ya sauka ƙasa da 3 da wuya ido ya gane bambanci. Mai majigin kamfanin JVC ya fara duba jerin na'urorin da manhajar kamfanin ta gyaran kai-tsaye ke karɓa, kada ya sayi wadda ba za ta yi masa aiki ba.

Inda waɗannan na'urori ke tuntuɓe shi ne majigin lesa, mai aiki da hasken laser maimakon ƙwan fitila, wanda haskensa kan ruɗe su har su ba da adadi mai kyau alhali hoton ya karkata. A nan ne ƙwararre, musamman mai shaidar ISF, cibiyar da ke horar da masu daidaita hoto, yake cin kuɗinsa, domin yakan zo da sifektirofotomita, wato na'urar awo da ta fi tantance launi, irin i1Pro, ya daidaita ƙaramar na'urar da ita. A nemi ya ba da rahoton awo na kafin aiki da na bayansa.

Nau'in fitila ne zai raba gardama. Ƙwan majigi yana dushewa, launinsa yana sauyawa, shi ya sa ake bari ya yi kamar awa 100 kafin a auna, a kuma sake bayan wasu ɗaruruwan awanni. Mai majigin ƙwai gara ya mallaki na'urarsa da ya riƙa biyan wani. Lesa kuwa tana daɗewa ba ta gusa ba, don haka zuwan ƙwararre ɗaya kan wadatar na tsawon lokaci. Amma wanda bangon ɗakinsa yake da fenti kore ko ruwan hoda, ya fara sayen labule mai duhu ya rufe bangon, domin hasken allon yana bugun bangon ya dawo masa da launin fentin.