Man awo ko ɗan lita mai 4T: wanne za ka zuba wa Boxer?

Ƙanena, Allah ya sanya alheri a sabon babur, ya tsare hanya. Na ga tambayarka tun daren jiya: ka ciro Boxer, bakanike ya ce maka baƙin mai duk ɗaya ne, ka riƙa zuba SAE 40 na awo daga duro tunda ya fi araha, abokinka kuma ya ce kul, ka sayi ɗan lita mai rubutun 4T 20W-50 (4T na nufin man baburan da ba a gauraya musu baƙin mai da fetur). Na zuba duka biyun a rayuwata, bari in nuna maka inda suka rabu.

Fara da cikin injin kansa. A mota, man inji daban, man giya daban, kuloci kuma a bushe yake aikinsa. A irin baburanmu, Boxer ne ko TVS ko Jincheng, mai guda ɗaya ne yake yi wa fistin hidima, ya bi haƙoran giya, sannan farantan kuloci suna iyo a cikinsa. Ga shi ba lagireto, iska ce kawai take sanyaya injin. Kusan lita ɗaya tak ke ɗauke da duk wannan wahala, a ranar Afrilu, cikin cunkoson kasuwa. Haƙoran giya kuwa niƙa mai suke yi, shi ya sa man babur ya fi na mota saurin tsinkewa.

To ga lambobin. SAE 40 kaurinsa aji ɗaya ne. Idan inji ya yi zafi yana riƙe jikinsa ba laifi, kuma da rana tsaka a Sakkwato ko Maraɗi ba za ka ji yana kuka ba, gaskiya ɗaya ce. Matsalarsa da asuba take, musamman da hunturu: ya yi kauri kamar zuma, ka buga kik, injin ya tashi, amma man bai riga ya hau saman kan injin ba, ƙarfe na cin ƙarfe na ɗan lokaci. A waɗannan daƙiƙun ne inji ya fi ci. Shi kuwa 20W-50, lambar farko tana nuna yadda yake gudu da sanyi, ta biyu kaurinsa idan ya kai digiri 100. Da safe ya fi 40 saurin zagayawa, da rana kuma ya fi shi kauri. Ta nan ɗan lita ya ci.

Sai maganar kuloci, wadda mutane suka fi rainawa. Juya bayan robar, ka nemi inda aka rubuta JASO MA ko MA2. Ma'auni ne da Japanawa suka fito da shi a 1998 musamman don babura, yana tabbatar da cewa man ba zai sa kuloci santsi ba. Idan ka ga MB, ajiye shi, na baburan da ba a canja musu giya ne, masu busasshen kuloci. Man motocin zamani irin su 5W-30 ana zuba musu sinadarin ƙara santsi don a rage shan fetur. A mota alheri ne, a babur masifa. Na taɓa ƙarasa wa nawa ragowar man motar wani maƙwabcina, ina ganin na yi dabara. Bayan kwana kaɗan na ɗauko buhun masara, na zo hawa tudu, ina murɗa totur injin na ihu amma babur ya ƙi ja. Sai da aka canja faranti.

In yi wa bakanikenka adalci: SAE 40 na gaske bai cika ɗauke da wannan sinadari ba, don haka ba lallai ya lalata maka kuloci ba. Abin da ya hana ni na awo ba lambarsa ba ce, rashin sanin asalinsa ne. Duro ba ya magana. Ko shi mai aunawar sau da yawa sari ya yi, bai ga inda aka haɗa ba. Akwai mai kyau, akwai ɗanyen mai da ba a zuba masa sinadaran wanke inji ba, akwai kuma tsohon juye da aka tace aka dawo da shi kasuwa. Ƙara da buɗaɗɗen mazurari da kwalbar awo da suka wuni a bakin titi suna shan ƙurar hunturu. Ƙura a cikin mai daidai take da zuba wa ringi yashi, ga shi yawancin ƙananan baburan nan rariyar waya ce a ƙasa take tare datti, ƙura kuwa wucewa take.

Ɗan lita ma ba waliyyi ba ne. Ana tsintar robobin da aka yar a sake cika su a liƙe. Saya a gidan mai ko wurin dila da ka sani, duba murfin bai taɓa buɗuwa ba, in na gida ne ka nemi tambarin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya. In ka juye, huda robar da wuƙa kafin ka yar.

Kuɗi fa? A juye ɗaya na awo ya fi sauƙi, ba musu. Amma je ka tambayi kuɗin fistin da ringi da aikin sauke inji, ka raba da bambancin kuɗin na awo da ɗan lita, ka ga juye nawa ne.

Duk wanda ka zaɓa, kada ka yi wasa da dubawa. Kafa babur a ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai daidai, ba a jingine ba. Tayar da shi minti biyu ko uku, kashe, jira man ya kwanta. Zaro tsinken gwaji, goge shi, mayar ba tare da ka ɗaure ba, sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin zane biyun. Mai ɗan gilashi a gefe kuma, tsugunawa kawai za ka yi ka leƙa. Kada ka cika ya wuce zanen sama, kumfa zai yi ya fara yoyo. Baƙinsa kaɗai ba laifi ba ne, alamar yana kwashe datti ne. Murza shi tsakanin yatsu: in ya tsinke kamar ruwa, ko yana warin fetur, ko ka ji gari-gari, ya gama aiki. In ya yi fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, galibi bayan an kutsa kududdufi da damina.

Tunda naka sabo ne, juyen farko kada ya wuce abin da littafinsa ya ce, yawanci wajen kilomita 500, domin sabon inji yana zubar da garin ƙarfe. Bayan nan, in zuwa aiki da dawowa ne, bi littafin. In acaba za ka yi a hanyar burji, ni ba na bari ya wuce 1,500. Mai yin kilomita 150 a wuni, kwana goma ke nan. A yi juyen da ɗumin inji, a wanke rariyar, kuma ka tsaya a kan yaron gareji lokacin ɗaure notin ƙasa, don jikin injin sanholo ne, in ya matse da ƙarfin tsiya zaren zai cinye.

Ni dai a nawa 20W-50 mai JASO MA nake zubawa. In juye ya kama ni a ƙauyen da babu sai na awo, zan zuba in iso gari, washegari in sauke shi. Tsohon man kuma tara shi a jarka, kada ka tuttular a kwata. Masu shafa wa katako saboda gara za su karɓa.