Gilashin da ya ƙi washewa ranar da na fi buƙatarsa

Tun farkon zangon nan, in ka zauna a gaban ɗakin lacca ka waiwaya, sai ka ga fuskoki birjik sanye da gilashi, kamar idon ajin ya lalace rana ɗaya. Yayi ne kawai. Ƙaton firam mai garai-garai kamar ruwa wanda ke cinye rabin kumatu, ko siriri ruwan zinare mai kusurwa shida. A haɗa da jakar yadi a kafaɗa da agogon nan mai ƙirga taku, shi ke nan ɗalibin bana ya gama shiri. Na daɗe ina yi musu dariya, sai ranar da ƙawata da muke ɗaki ɗaya ta miƙo mini nata na gwada a madubi. Wallahi ya karɓe ni. A daren na yi oda wurin wata mata mai sayar da kaya ta waya, wadda ba ta barin sitatus ɗinta ya huta.

Na zaɓi wanda ta kira biyu a ɗaya: wai yana tare shuɗin hasken waya da kwamfuta, in kuma ka fita rana ya yi duhu da kansa, ka shiga inuwa ya washe nan take. Ku riƙe wannan "nan take" ɗin. Ya iso da gidansa da ƙyallen gogewa, da wani ɗan kati da 'yar tocila. Ka haska katin ya rine, ka sa gilashin a tsakani ka haska, katin ya tsaya fari fes. Babu ɗakin da ban shiga a layinmu na nuna wannan abin al'ajabi ba. Makonni biyu na farko da an ce in ba shi maki, da na ba shi duka har da gyara.

Sai ranar gabatar da aikin rukuninmu, kuma ni aka ɗora wa buɗe taro. Na makara, na ratso filin makaranta cikin rana tsaka kusan minti goma sha biyar, gilashi ya yi baƙi ƙirin. Ina tura ƙofa na tarar an kashe fitilu saboda majigi, na'urar sanyaya ɗaki kuma tana ta aiki. Ban ga matakalar farko ba, na yi tuntuɓe, wani ya tare ni. Na lallaɓa na tsaya gaban allo ina laluben takardata.

Malam ya dube ni ta saman nasa tabarau, wanda shi na gaske ne, ya ce, "Ke, nan ba wurin ɗaukar hoto ba ne. Cire wannan abin."

Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, ba na rana ba ne, yanzu zai washe."

Ya naɗe hannu ya jingina da kujera. "To madalla. Mu jira ya washe."

Aka yi tsit. Ina jin ƙarar majigi, ina jin wani yana danne dariya a baya. Ban san minti nawa aka yi ba, amma a wurina shekara ce. Gilashi ko gezau. Da na ga abin ba na ƙare ba ne na fizge shi daga fuskata, sai ɗan sukurun da ke riƙe hannun hagu ya yi tsalle, hannun ya taho daban. Ga ni tsaye da gilashi kashi biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ɗakin ya fashe. Jimlar farko da na kwana uku ina haddacewa ta gudu, sai wani cikin rukuninmu ne ya karɓi maganar. Har yau ban iya haɗa ido da shi sosai ba.

Daga baya na gane irin wannan gilashin hasken UV na rana, wanda ido ba ya gani, shi ne ke sa shi duhu, kuma duhun yakan zo da sauri, cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka, amma washewa sai ta ɗauki mintoci. A wuri mai sanyi ma ta fi jan ƙafa. Ke nan ɗakin nan mai sanyi shi ne mafi munin wurin da zan shiga da shi. To da an faɗa mini haka ai da na cire a bakin ƙofa. Na tura wa matar saƙo da hoton gutsattsarin. Amsarta: "Haba 'yar uwa, ai kowa yabawa yake yi, ƙila ke ce kika matsa masa." Na sake rubutu, ta karanta ta yi shiru, bayan awa ɗaya ta ɗora sabbin kala a sitatus.

Abin da ya fi ba ni haushi ma ba wannan ba ne. Ciwon kan da nake yi in na daɗe a gaban kwamfuta, wanda da shi na kafa wa kaina hujjar sayen, bai ragu ko kaɗan ba. Na je wurin likitar ido da gilashin da katin da tocilar, ina taƙama. Ta kunna tocilar ta yi murmushi, ta ce wannan hasken a can gefen launin shunayya yake, dab da UV, alhali shuɗin da allo ke fitarwa ya fi ƙarfi a wajen nanomita 450 a ma'aunin da ake bambance launukan haske da shi. Katin yana nuna abu ɗaya, ana sayar mini da wani. Ta ce matsalata bushewar ido ce: mutum yakan ƙifta kamar sau 15 a minti, amma in ya ƙura wa allo ido sai ya koma rabin haka ko ƙasa. Ta ce duk minti 20 in ɗaga kai in dubi abu mai nisan ƙafa 20 na daƙiƙa 20. Na bincika da kaina, na tarar a 2023 ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta tattara gwaje-gwaje 17 kan gilashin da ke tare shuɗin haske, ba ta ga alamar yana rage gajiyar ido fiye da gilashi na yau da kullum ba. Shawarar likita da ba ta ci mini komai ba ita ce ta yi aiki.

Sai dai in faɗi gaskiya, mai taimaka wa likitar ya sa mini wani sukuru cikin minti biyu, kuma ina ci gaba da sa shi. Ba shi da nauyi, ba ya matse bayan kunne, kuma ranar da ban yi barci ba yana rufa mini asiri. In don ado kike so, firam ɗin ba laifi, ki dai nemi wanda ba ya canza kala.

Ko da yake adon ma da sauƙi. Duk hoton da aka ɗauke ni da fitila, idona ba ya fita, sai wasu tabo biyu masu ƙyallin shuɗi da kore. Hoton ajinmu na ƙarshen zango haka na fito kamar ƙuda. Shafin da ke saman gilashin ya fara ɓarewa ta gefe tun bai cika wata biyu ba, duk da da ƙyallensa kawai nake gogewa, kuma yana bar mini jan shaida a karan hanci. Jiya ƙawata ta ce za ta sake yin oda, na ɗauko kati da tocilar na ajiye mata a kan gado ban ce komai ba. Ni kuwa yanzu ko a wane lungu na makaranta na gifta, sai na ji wani daga nesa ya ɗaga murya: "Mu jira ya washe!"