Garejin da ya sa min tayoyin sanyi a Montreal

Mu da muka taso a Maraɗi, taya tana kan mota ne har ta sule ko ta fashe, sai a kai wa mai faci. A nan Kebek kuwa, lardin Kanada da Montreal take ciki, doka ce ke sa maka ranar canji. Daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole motarka ta kasance kan tayoyin sanyi, masu tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiya, in ba haka ba tarar dalar Kanada 200 zuwa 300 na jiranka.

Ni na yi sake. Sai da dusar farko ta sauka a watan Nuwamba na fara buga waya, kowane gareji ya ce babu gurbi sai nan da mako biyu ko uku. Wani maƙwabcina ne ya nuna min wani ƙaramin gareji a unguwar Saint-Laurent. Suka ce in zo ƙarfe 8 na safe. Motar ba ta hau jak ba sai 10 da rabi. Ɗakin jira kujeru huɗu ne, mu tara, injin kofi kuma ya mutu. A nan kam sun faɗi.

Abin da ya wanke su dattijon da ke kan aikin ne. Na je da tayoyi huɗu na hannu da na saya ta intanet, ina ta murnar na yi tsintuwa, don haƙoransu da sauran kauri. Ya mirgino ɗaya gabana, ya goge gefenta da babban yatsa, ya nuna min lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 3814. Ya ce lokacin da aka ƙera ta ke nan, mako na 38 na shekarar 2014. Ya danna farcensa a robar, ko alama bai bari ba. Ya ce duk amfanin tayar sanyi laushinta ne, domin idan sanyi ya yi ƙasa da maki 7 robar tayar bazara takan sandare, ta sanyi kuma tana nan da taushi tana riƙe titi. Tawa ta tsufa ta bushe, sai dai suna.

Bai ce ba zai sa ba. Ya dai leƙa kujerar yara da ke bayan motar, sannan ya dube ni. Na ce a kawo sababbi.

Ya jera min Nokian da Michelin X-Ice da wata mai araha, bai tura ni kan mai tsadar ba. Na ɗauki Michelin, lamba 205/55R16 daidai Corolla ɗina. Na tambaye shi batun tayoyi masu ƙusoshi, waɗanda doka ta yarda da su daga 15 ga Oktoba zuwa 1 ga Mayu, ya ce wanda ba ya barin cikin gari ƙararsu kawai zai sha. Shi ne kuma ya ba ni shawarar in sayi baƙaƙen ƙarafan taya daban na sanyi, gishirin da ake watsawa a titi ya ci su maimakon masu kyau, canjin baɗi kuma ya zama kwance noti da ɗaurewa kawai.

Wurin biya na sake ɓata rai. Na ga kuɗin ajiyar tayoyina na bazara a rasit, alhali tambayata kawai aka yi ko ina da wurin ajewa. Ba ni da shi, gaskiya ne, amma ai a faɗa min farashi tukuna.

Sun ce in dawo bayan kilomita 100 a sake matse notuna. Na koma, minti biyar, ko sisi ba su karɓa ba. Washegari da asuba na sauko gangaren Côte-des-Neiges kafin motar share titi ta wuce, na taka birki a danja, motar ta tsaya inda nake so. Na baɗi tuni na sa suna, makon farko na Oktoba, kuma da filas ɗin shayina zan je.