Na'urar auna bugun jini ta yatsa da na siyo wa Hajiya

Wata uku kenan da na siyo 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, oksimita, a wani kyamis a Zoo Road, saboda Hajiyarmu tana da hawan jini ga kuma suga. Girmanta bai fi kwalin ashana ba, batir biyu ƙanana na rimot take ci kuma har yau ban canja ba. Lamba biyu take nunawa, iskar da ke jini da kuma bugu nawa a minti ɗaya. Bugun babban mutum in yana zaune a huce tsakanin 60 ne zuwa 100.

Gaskiya wajen ƙirga ba ta ƙarya, na gwada ta da agogon waya sun zo ɗaya. Amma fa tana da halinta. Wata asuba cikin hunturun nan hannun Hajiya ya yi sanyi ƙarara, ga dayis ɗin biki baƙi wuluk har kan farce, abar nan ta yi ta ƙifta ido ta ƙi kawo komai, can ta kawo wata lamba da ta sa cikina ya ɗuri ruwa, har na ɗauko mukullin mota za mu tafi asibitin Malam Aminu Kano. Ƙanwata nas ce, na kira ta, ta ce Yaya ajiye na'urar nan ka sa hannunka mana.

Ita ta koya min. Yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a tsintsiyar hannu ta ɓangaren babban yatsa, kar a danne da ƙarfi, kuma ban da babban yatsanka don shi ma yana da nasa bugun sai ka ƙirga naka ka ɗauka nata ne. Daƙiƙa 30 ka ninka biyu, in yana tsallake to minti ɗaya cur. Na Hajiya 78 ya ba ni, yana dukan yatsana da ƙarfinsa daram. In na hannu ya ɓuya akwai na wuya gefen maƙogwaro, amma ɗaya ake taɓawa, ba a danne biyun tare.

Abin da ya fi damuna da na'urar shi ne ba za ta gaya ma bugun cikakke ne ko siriri kamar zare ba, wannan sai yatsa. Sannan mai suga har a ƙafarsa ake duba bugun, saman ƙafa da bayan idon sawu ta ciki, nan ma ba ruwanta.

Mai kyamis ɗin dai mutumin kirki ne, ya sa min batir ya gwada a yatsansa kafin na biya, sai dai takardar ciki Turanci ce da Sinanci rubutun kamar ƙwayar gero. Zan ƙara siya in ta lalace? Eh zan siya. Yanzu dai Hajiya sai ta ɗumama hannu da kofin shayi tukuna muke maƙala mata.