Ƙara wa BMW 340i ƙarfi ba tare da an rasa garanti ba: bitar kayan M Performance

Mai BMW 340i ko 440i ba ya daɗewa da motarsa sai an fara ba shi shawarar a taɓa mata ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, don a ƙara mata ƙarfi. Dalilin a fili yake. Injin B58 da ke cikinta mai silinda shida ne a jere, lita 3, da turbo guda, kuma kamfanin ya fito da shi da ƙarfin doki 326 a ma'aunin Turai, alhali ƙarfen yana iya ɗaukar fiye da haka nesa ba kusa ba. Abin da ke hana mai hankali gaggawa shi ne garanti. Injin irin wannan idan ya buga, kuɗin gyaransa ba na wasa ba ne, kuma ranar da aka gano an yi wa manhajarsa kutse, wannan nauyi a wuyan mai mota zai sauka.

Amsar da BMW ya bayar ita ce M Performance Power and Sound Kit, wanda masu motar suka taƙaita zuwa MPPSK. Abu biyu ne a ciki: sabuwar manhajar inji, da salansar baya ta ƙarfe mara tsatsa mai bawul, wadda ake zaɓar mata baki mai ƙyalli ko na kabon. Da su ƙarfin doki ke tashi daga 326 zuwa 360, ƙarfin juyi kuma, wanda ake aunawa da Nm, daga 450 zuwa 500 a mota mai giyar otomatik. Mai giyar hannu an tsayar da ita a Nm 480. Kada a ɗauki wannan a matsayin rowa. Kuloci da giyabos ɗin ne ake tausayawa, domin su ne ke fara zamewa da ƙonewa idan juyi ya wuce abin da aka ƙera su a kai. Wannan ragin na 20 ya nuna yadda kamfani ke lissafi idan ya san shi zai biya kuɗin abin da ya lalace.

Aikin sakawa na dila ne mai izinin kamfani, kuma nan ne darajar kayan take. Ana fara haɗa motar da na'urar gwaji a tabbatar babu wata matsala da ta riga ta ɓuya a ƙwaƙwalwa. Sannan a jona mata caja mai riƙe wutar batir daidai, domin idan wuta ta faɗi ana tsakiyar rubuta manhaja, ƙwaƙwalwar na iya daskarewa motar ta ƙi tashi. Manhajar ana ɗaure ta da lambar shasi, don haka ba a cire ta a kai wata motar. Ta ɓangaren salansa kuwa, ana yanke bututun asali a wurin da aka ƙayyade, a zura sabuwar a ɗaure da maɗauri. A karɓi tsohon yankin a ajiye. Kafin a bar garejin a tsaya a bayan mota a duba ko bakunan biyu sun daidaita da bamba, a kuma saurari mahaɗar yayin da injin yake da sanyi. Idan maɗaurin bai zauna da kyau ba za a ji iska tana fita, daga baya kuma a ga baƙin hayaƙi ya yi tabo a wurin.

A kan hanya ƙarin doki 34 ba ya mayar da motar wata halitta dabam, kuma duk wanda ya ce maka haka talla yake yi. Inda ake jin sa shi ne a matsakaicin gudun inji, lokacin da ake son wuce wata mota: ana taka totur ta amsa ba tare da ta yi ta neman giya ba. Sautin ne ya fi canzawa. A yanayin tuƙi na Comfort bawul ɗin yana sassauta ƙara, a Sport kuma ya buɗe, ana ɗaga ƙafa a ji ƙarar fashe-fashe daga baya. Tashin farko da safe yana da ƙara sosai, wanda ke ajiye mota kusa da tagar maƙwabta ya san da wannan tun kafin ya biya.

Idan ƙarfi kaɗai ake aunawa, MPPSK ba ta kai kishiyoyinta ba. Manhajoji irin su bootmod3 da MHD, ko akwatin JB4 na Burger Motorsports da ake jonawa tsakanin na'urorin auna iska da ƙwaƙwalwa, suna fitar da ƙarfi fiye da nata da kuɗi ƙasa da nata. Masu sayar da su sukan ce ai ana mayar da mota yadda take kafin a kai ta sabis, babu mai ganewa. Wannan magana ce da ta jefa mutane da yawa cikin asara. Ƙwaƙwalwar mota tana adana tarihi: matsin turbo mafi girma da aka taɓa kaiwa, yawan man da aka fesa, da alamun an sake rubuta manhaja. Akwatin da aka cire ma yana barin sawu, domin alƙaluman iska da na mai da aka adana ba sa jituwa da juna. Da zarar an haɗa motar da na'urar dila, bayanan na iya tafiya kai tsaye zuwa kamfani, ba ma sai makanike ya kai rahoto ba. Volkswagen da Audi har suna da lambar da suke liƙa wa irin wannan mota, TD1, kuma idan ta hau kan lambar shasi da wuya ta sauka.

Akwai masu kafa hujja da doka, kuma suna da gaskiya har zuwa wani wuri. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garantin mota baki ɗaya don kawai an saka mata kayan da ba nasa ba. Sai ya nuna cewa kayan ne suka jawo lalacewar. A Tarayyar Turai ma akwai ƙa'idar da ta ba mai mota damar yin sabis a garejin da ba na dila ba, muddin an bi jadawalin kamfani da kayan da suka dace. To amma a lura da iyakar wannan kariya. Wanda ya canza salansar baya sannan na'urar sanyaya cikin mota ta mutu, babu mai hana shi haƙƙinsa. Wanda ya ƙara matsin turbo sannan fistin ya fashe ko giyabos ta fara zamewa, kamfani ba ya shan wahalar haɗa wannan da wancan, kuma kafin a gama jayayya motar tana gefe a ajiye. Abin da mai sayen MPPSK ke biya, bayan doki 34 da sauti, shi ne kada a shiga wannan jayayya tun farko.

Dinan, mai ƙera kayan ƙara wa motocin BMW ƙarfi, ta bi wata hanya ta tsakiya. Kayanta ba na BMW ba ne, amma a Amurka tana ba da garantinta da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da na kamfani, har shekara 4 ko mil 50,000, wato idan BMW ya ƙi biya saboda kayan Dinan, ita za ta biya. Tsari ne mai kyau, sai dai mai mota ya sani cewa yanzu da mutum biyu yake hulɗa, kuma kowannensu na iya nuna ɗayan da yatsa. Sauran kamfanoni ma sun fito da irin MPPSK: Ford Performance, da Mountune da Ford ya amince da wasu kayanta a Birtaniya, kamar MP215 na Fiesta ST da kuma wanda ya kai Focus RS daga doki 350 zuwa 375, da manhajar Polestar a motocin Volvo. Sharaɗin kusan iri ɗaya ne a ko'ina: wanda aka ba izini ne zai saka, kuma a rubuta a tarihin motar.

Inda masu MPPSK ke yawan tuntuɓe shi ne bayan sakawa. Wasu suna ɗauka tunda kayan kamfani ne, an buɗe musu ƙofa. Sai a ƙara bututun bayan turbo mara matatar hayaƙi, fitilar inji ta kama a dashbod, motar ta faɗi gwajin hayaƙi, garantin turbo da na'urorin auna iskar salansa ya tafi. Wasu su ɗora wata manhaja a kan ta kamfanin, wanda ya rushe duk amfanin abin da suka saya. Matatar iska mai jiƙon mai ma tana da nata: idan man ya yi yawa yana shafar na'urar auna iska, injin ya fara rawa a tsaye. Gajerun sifirin da ke sauke mota milimita 25 ko 30 kan shokozoba ta asali suna rage wa shokozobar kwana, kuma dila ba zai canza shokozobar kyauta ba. Tsere a filin tseren mota kuwa, takardun garanti sun cire shi ƙarara, da kayan kamfani ko babu.

Mai da baƙin mai su ne sauran rabin aikin. Manhajar tana son fetur mai oktan sama, wato mai jure matsi ba tare da bugun inji ba, mai lamba RON 98 idan ana samu. Da mai mara kyau na'urar jin bugun inji za ta sa ƙwaƙwalwa ta ja lokacin tartsatsi baya, ƙarfin da aka biya ya ɓace, zafi kuma ya ƙaru. B58 tana ɗaukar baƙin mai lita 6.5, kuma dole ya zama mai ɗauke da amincewar BMW Longlife da littafin motar ya ambata, a rubuce a jikin galan da kuma a rasit. Wanda ke taka motar da gaske gara ya riƙa juye mai kafin lokacin da dashbod ke faɗa. Yin sabis da wuri ba ya taɓa garanti, jinkirta shi ne ke taɓawa. Man birki kuma duk shekara biyu. Tayoyi masu kyau a girman da kamfani ya amince da shi, da kushin birki mai jure zafi, suna ƙara wa motar saurin da ake iya amfani da shi fiye da wasu dawakai goma, kuma ba su da ruwa da garantin inji. Idan an cire ƙafar mota, notinta a ɗaure su a Nm 140 da sifana mai awo, ba da bindigar iska ba.

Hukuncina ya danganta da kwanan garantin. Idan saura shekara biyu ko fiye, ko motar ta bashi ce da za a mayar, MPPSK ita ce zaɓin da zan ba kowa shawara ba tare da shakka ba. Idan saura 'yan watanni, tsadarta ba ta da hujja sosai, sai dai ga mai son sautin ko mai son tarihin motarsa ya zauna da tsabta don ranar sayarwa. Kafin a biya, a nemi dila ya rubuta lambobin kayan da lambar shasi a takardar aiki, ya kuma bayyana a rubuce tsawon garantin kayan da kansu, domin wannan ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa da kuma lokacin da aka saka su. A sanar da kamfanin inshora ma, tunda ƙarfin motar ya canza daga abin da ke takardarsu.